Tambaya da Amsa: Lemun tsami asid, ruwan batir ma asid, ina bambancin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai yin sabulu ce a Aboabo nan Kumasi, maigidana kuma gyaran batir yake a Suame Magazine. Yarona da ke sakandare yace min lemun tsami asid ne, ruwan batir ma asid ne, sodar da nake sabulu da ita kuma kishiyar asid ce. To me yasa muke shan lemun tsami lafiya lau amma ruwan batir yake huda wa babansa wando? Kuma in ya zuba ma mutum a jiki za a iya sa mishi soda ta kashe shi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa yaron nan albarka, duk abinda ya faɗa miki gaskiya ne. Amma bari in fara da tambayar ƙarshe dan ita tafi tada min hankali. Dan Allah kar a sa soda. In asid mai ƙarfi ya haɗu da soda zafi suke fitarwa sosai, kinga ƙuna biyu kenan a wuri ɗaya, ga ta batir ga ta soda ga kuma zafin haɗuwarsu. Ruwa kawai, a cire kayan da ya jiƙe a yi ta kwarara ruwan famfo a wurin aƙalla minti 20 sannan a nufi asibiti.

Yanzun ga bambancin. Abinda ya maida abu asid shine in ya shiga ruwa yana sakin wasu ƙananan ƙwayoyin haidirojin, su ne ke kawo tsami kuma su ne ke cin abu. Kishiyarsa da masana ke cewa bes, wato dangin kanwa da toka da soda, shi karɓe ƙwayoyin nan yake. Wannan bayani Brønsted ɗan Denmak da Lowry ɗan Ingila suka kawo shi a 1923, kowa daban. Ƙarfi kuma yana ga yawan waɗanda suka saki ƙwayar tasu. Ki ɗauka trotro ne, wato motar haya, ya iso tashar Kejetia kowa ya sauka ba wanda ya rage, to haka asid mai ƙarfi yake, irin salfurik na batir. Mai rauni kuwa yawancin fasinja na zaune a ciki sun ƙi sauka, kamar binega, ruwan tsamin nan na girki, da ko ɗaya cikin ɗari ba sa saki. Tsamin lemun tsami, na tsamiya, na nono, duk masu rauni ne shi yasa muke sha.

Sai abu na biyu da mutane ke cakuɗawa, ƙarfi daban yawa daban. Cikin ki ɗin nan akwai asid mai ƙarfi, haidirokulorik, shi ke taimakon narka tuwo, amma tsarma ne a ruwa kuma Allah ya shimfiɗa wa tumbi wani yauƙi da ke kare shi. Ruwan batir shi ya haɗa biyun, ga ƙarfi ga yawa, kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan salfurik ne zalla, wando kam ba zai sha ba.

Ma'aunin da ake gwadawa sunansa pH, Sørensen ya fito da shi a Kofanhegan a 1909. Daga 0 zuwa 14 ake lissafi, ruwa tsantsa na kan 7, ƙasa da haka asid sama da haka bes. Lemun tsami wajen 2, ruwan batir ƙasa da 1, jinin mutum tsakanin 7.35 da 7.45. Kuma kowane taki ɗaya ninki 10 ne, wato abu mai 2 ya fi mai 4 sau 100, kar ƙanƙantar lambar ta ruɗe ki. In kina so ki gani da idonki ba sai kin je makaranta ba, ki zuba sobolo, wato zoɓo, a kofi biyu, ki matsa lemun tsami a ɗaya zai ƙara ja, ki jefa kanwa a ɗayan zai yi duhu ya juya wajen kore kore. Ki haɗa ruwan tsamiya da kanwa kuma ki ga kumfa, tsamin ya lafa, shine kashe juna da yaronki yake nufi.

Inda nake so ki fi kula Hajiya shine sodarki. Kanwa bes ce mai sauƙi shi yasa muke sa ta a waakye, wato shinkafa da wake, dan wake ya yi saurin nuna, tokar ɓawon koko da ake baƙin sabulun alata samina da ita ma danginta ce. Amma kostik soda tana can wajen 14, ƙarfinta a ɓangarenta kamar na ruwan batir ne a nashi ɓangaren, kuma ni a gani na ta fi shi yaudara dan ba ta cika zafi nan take ba. Aikinta narka mai, da haka take maida manja sabulu, kuma santsin nan da kike ji a yatsa in ta taɓa ki man fatarki ne ta fara narkarwa. Ki sa safar roba, ki kare idonki, kuma sodar ake zubawa cikin ruwa kaɗan kaɗan, kar a zuba ruwa a kanta saboda tana iya tafasa ta fantsamo.

Ruwan soda in ya kwanta ba ya da kala ba ya da wari, yaro mai ƙishirwa ba zai bambance shi da ruwan sha ba, kuma kurɓa ɗaya na iya ƙona maƙogwaro har abinci ya daina wucewa. Wallahi wannan na damu na ƙwarai a gidajenmu na zango da tsakar gida ɗaya ce yara ko ina. Kar ki zuba shi a robar ruwa ko kwalbar lemo, ki kulle shi inda hannun yaro ba ya kai. In tsautsayi ya sa wani ya sha, kar a ɗura mishi manja dan ya yi amai, aman zai sake ƙona hanyar da ya bi, kar kuma a ba shi lemun tsami wai ya kashe ta. A ɗauke shi sai Komfo Anokye ko asibitin da ya fi kusa, a tafi da ragowar abinda ya sha likita ya gani.