Me ya sa cos() ta yaren kwamfuta na C ke ba ni amsar da ba daidai ba?

Ƙanena na Aboabo, ka ce a aikinka na jami'ar KNUST ka ba cos() lamba 1 + 2i (complex number, mai ɓangaren ainihi da ɓangaren i), sai ta ba ka 0.5403. Matsalar ita ce cos() ta math.h, fayil ɗin lissafi na C, lamba marar ɓangaren i (real number) kaɗai take karɓa, sai ta yar da ɓangaren i shiru, ba gargaɗi. Wannan ya sha wahalar da ɗalibaina a Kumasi.

Tun ƙa'idar yaren C ta C99 akwai complex.h, fayil ɗin irin wannan lamba; saka shi a shirinka. Rubuta double complex z = 1 + 2*I; sannan ka kira ccos(z). Ciro amsar da creal() (ɓangaren ainihi) da cimag() (ɓangaren i), don printf ba ta san irin wannan lamba ba. In da gcc kake harhaɗa shirin, ƙara -lm don haɗa laburaren lissafi.

Za ka samu kusan 2.0327 − 3.0519i. Tabbatar da hannunka, da x = 1 da y = 2: cos x·cosh y − i·sin x·sinh y.