An haɗa aji uku da aji huɗu: in bar 'yata ko in cire ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce daga Rikkos, a nan Jos. 'Yata shekararta 8, kuma tun daga aji ɗaya ita ke zuwa ta ɗaya. Da za a koma hutu sai hedimasta ya tara mu iyaye, ya ce bana za su haɗa 'yan aji uku da 'yan aji huɗu a ɗaki ɗaya da malama ɗaya, wai yara sun yi kaɗan. Ita aji uku za ta shiga. Babanta ya ce a bar ta, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. In cire ta ne, ko in nemi a tsallakar da ita aji huɗun kawai?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya miki ita, ya yi mata albarka. Kada ki yi gaggawar cire ta, kuma kada ki tsallakar da ita.

Haɗa aji biyu a hannun malami ɗaya ba baƙon abu ba ne. Haka ake yi a makarantun ƙauye da yawa, da na 'ya'yan makiyaya waɗanda aka kafa wa hukuma tun 1989. Akwai ma masu yin sa da gangan: tsarin Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, yana haɗa yara masu tazarar shekara uku a ɗaki ɗaya. A 1995 wani masanin ilimi ɗan ƙasar Holan, Simon Veenman, ya tattara bincike da dama kan wannan, ya ga yaran haɗaɗɗen aji ba su gaza na sauran azuzuwa a karatu ba. Don haka laifin ba na tsarin ba ne. Abin dubawa shi ne malamar, da kuma inda 'yarki za ta faɗa a cikin ajin.

Bana dai ta faɗa wuri mai kyau, domin tana cikin ƙananan. Na koyar da irin wannan aji, na san yadda yake. Za ki ja layi da alli ki raba allo biyu. Ki rubuta wa 'yan aji uku aikin tarawa a hagu, ki juya dama kina koya wa 'yan aji huɗu rabawa. Yaro mai kaifin basira kafin ki gama misali na biyu ya ajiye fensirinsa, ya tallabe haɓa yana sauraron na manya. Wata rana sai ki ga ya ɗaga hannu ya amsa abin da ya gagari yayyensa. A aji uku zalla da zaman jira zai yi, ko ya shiga surutu.

Damuwata baɗi ce. Idan ta shiga aji huɗu aka sake haɗa su da sababbin 'yan aji uku, ita ce babba, ba wanda za ta hango a gabanta, kuma darasin da ta ji bana shi za ta sake ji. A nan ne malamai ke yi wa yara masu ƙoƙari abin da ke sosa mini rai: a mai da yarinya ƙaramar malama, ita ce rubuta sunan masu surutu, ita ce biya wa na baya, malama tana can tana duba littattafai. Kaɗan daga wannan yana da amfani. Ai a makarantar allo ma gardi yakan biya wa kolo, amma shi ma yana zuwa gaban malam ya ɗauki nasa karatun. In ba a ƙara mata nata ba, an cuce ta.

Ku je wurin hedimastan ke da babanta. Ku tambaye shi me za a yi baɗi, da yara nawa ne a ɗakin. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce yara 35 ga malami ɗaya a firamare, amma a haɗaɗɗen aji ni ko 30 ina ganin sun yi yawa. Ku tambaya ko malamar tana da NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, kuma ko ta taɓa riƙe aji biyu. Ku ce a nuna muku tsarin aikin zango. Manhajar hukumar NERDC, mai tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta ware wa kowane aji nasa, don haka biyu ya kamata ku gani. In guda ɗaya aka miƙo muku, an cakuɗa yaran ke nan. Ku kuma bincika a hankali ko ƙarancin yara ne da gaske, ko wata malama ce ta tafi mai makaranta ya ƙi ɗaukar wata alhali kuɗin makaranta bai ragu ba.

Batun tsallake kuwa, a aji uku ake kafa jadawalin ninkawa da karatu ba gargada, kuma giɓin da aka bari a nan sai a sakandare yake bayyana. Ga shi mutanenmu sun saba sake tsallake aji shida, sai yarinya ta gama sakandare ba ta cika shekara 16 da ake buƙata don shiga jami'a ba. In hazaƙarta ta ɗore, akwai makarantar gwamnatin tarayya ta yara masu baiwa a Suleja, da jarrabawar NECO ake shiga bayan firamare.

Ki ba su zango ɗaya. Duk Juma'a ki buɗe littattafanta ki ga ko akwai kwanan wata da jan biro, kuma ko aikin yana ƙara tauri. Ki tambaye ta me ta koya yau wanda ba ta sani ba jiya. In makonni suka wuce amsarta ita ce ta taya malama kula da yara, ko ta fara cewa ba ta son zuwa, ki koma wurin hedimasta. In bai gyara ba kafin hutun Disamba, ki nema mata wata makarantar.