Zauren Tambayoyi: Da wane mod zan fara gyara Skyrim?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Na gama babban labarin wasan bidiyo na Skyrim, na kashe diragon Alduin, na shiga ƙungiyar ɓarayin Riften da ta mayaƙan Whiterun, yanzu wasan ya fara gundurata. Abokina ya ce in sa masa mod, wato ƙarin da masu buga wasan ke ƙirƙira don su gyara shi ko su canja shi. Da na leƙa Nexus Mods, shafin da ake sauke su, sai na ga abu ba iyaka, kaina ya ɗaure. Laftof ɗina RAM 8GB gare ta, katin hotonta ba wani mai ƙarfi ba ne, data kuma ka san halin da ake ciki. Da wanne zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗi da ka faɗi ƙarfin na'urarka tun farko, domin shawarar da za a ba ka ba ita za a ba mai babbar kwamfuta ba.

Kafin ka sauke komai, ka san wane Skyrim ne a hannunka. Akwai na asali da Bethesda ta fitar ranar 11 ga Nuwamba 2011, akwai Special Edition na 2016, sannan Anniversary Edition na 2021, wanda shi ma Special Edition ne aka yi masa ƙari. A Nexus shafin na 2011 daban, na Special Edition daban, kuma idan ka ɗauko kayan wannan ka sa wa wancan, rigima ce kawai ka sayo. Ko a cikin Special Edition ɗin ma lamba tana da muhimmanci, domin sabuntawar 2021 ta ɗauke wasan daga 1.5.97 zuwa jerin 1.6. Je foldar wasan, danna SkyrimSE.exe da maɓallin dama, shiga Properties sannan Details, za ka ga lambar. Rubuta ta a takarda, za ka yi ta bukatarta. Zan ɗauka Special Edition gare ka.

Kada ka riƙa zuba fayiloli da hannunka cikin foldar Data. Akwai manhajojin da aikinsu ke nan, fitattu biyu su ne Vortex da Mod Organizer 2. Vortex ta fi sauƙin hannu ga sabon shiga, amma ni Mod Organizer 2 nake ba mutane shawara, saboda kowane mod tana ajiye shi a foldarsa, ba ta taɓa ainihin fayilolin wasan. Ranar da wani ya ba ka matsala, alamar da ke gefensa kawai za ka cire, fayilolin wasan su koma yadda suke. Haɗa ta da LOOT, wadda ke jera maka wanda zai riga wani lodi. Idan mod biyu suka taɓa abu guda, na ƙasa a jeri shi ke yin nasara, shi ya sa jerin ba abin wasa ba ne.

To yanzu tushe. Ba a yin fenti kafin yaɓe, kuma yawancin masu kawo mini kuka da fenti suka fara.

Na farko SKSE64. Shi kansa ba za ka ga ya canja komai a allo ba, amma manyan mod da yawa a kansa suke tsaye. Dole lambarsa ta dace da lambar wasanka, kuma daga ranar da ka sa shi ta cikinsa za ka riƙa buɗe wasan, ba ta maɓallin Steam ba. Yana aiki da na Steam da na GOG, ba ya aiki da na Game Pass. Shiga saitin wasan a Steam ka zaɓi kada ya sabunta sai ka buɗe shi da kanka. In ba haka ba wata safiya za ka tashi ka tarar an ɗaga lambar wasan, SKSE ya ƙi tashi, duk abin da ya dogara da shi ya tsaya cik. Bi shi da Address Library da SSE Engine Fixes. Na biyun yana toshe kurakuran injin wasan, yana kuma dawo maka da lambobin yabo na Steam da wasan ke rufewa da zarar ya ga mod.

Sai Unofficial Skyrim Special Edition Patch. Wannan aikin sa kai ne na shekaru, wanda ya bi ɗaruruwan kurakuran da kamfanin ya bari: aikin da ke maƙalewa ba ya ƙarewa, kayan da ke liƙe a jakarka ba sa yarduwa, baiwar da aka rubuta tana yin abu kaza alhali ba ta yi. Mod da yawa ma ba sa tashi sai da shi.

Sannan SkyUI, wanda ni a wurina ko shi kaɗai ka sa ka ci riba. Ka tuna yadda jakar kaya take a wasan asali, doguwar jera mai manyan haruffa da aka tsara don mai riƙe da abin bugawa na Xbox, kana ta gangarawa kana neman maganin ƙara jini alhali diragon na hura maka wuta. SkyUI yana mayar da ita jadawali: suna, nauyi, daraja, ƙarfin sara, kowanne da layinsa. Ka danna kan nauyi, nan take ka ga ashe ƙasusuwan diragon ne suka hana ka gudu. Yana kuma kawo shafin saiti inda sauran mod ke ajiye nasu maɓallan.

Ka tsaya a nan. Buɗe wasan, ka yi yawo daga Riverwood zuwa Whiterun, ka shiga gida ka fito, ka ajiye ka sake lodawa. In komai lafiya, sai mu shiga maganin gundurar da ka kawo.

Tunda sabon wasa za ka fara (kuma lallai sabo za ka fara, kada ka ɗora wannan kaya kan tsohuwar ajiyarka), sa Alternate Start - Live Another Life. Maimakon doguwar tafiyar keken doki zuwa Helgen da ka riga ka haddace, za ka farka a wani ɗakin kurkuku, ka zaɓi rayuwar da kake so, ka kwanta a gado, ka tashi a cikinta. Kana iya zama mafarauci a daji, ko mai gida a birni, ko wanda jirgin ruwa ya kife da shi a gaɓar arewa ba shi da komai. Labarin diragon yana nan yana jiranka har ranar da ka ga dama ka nufi Helgen. Ƙara masa da Run For Your Lives, ɗan ƙaramin mod mai sa mutanen gari su gudu cikin gida idan diragon ya sauka. Duk wanda ya taɓa dawowa Riverwood ya tarar da gawar Alvor maƙeri a bakin maƙerarsa, saboda ya fito yaƙi da abin da ya fi ƙarfinsa, ya san amfaninsa.

Babban abin da ke sa Skyrim gundura shi ne baiwowin da kake saye idan ka hau mataki. Fannoni 18 ne, amma da yawa daga cikin baiwowin ƙarin kashi kaza cikin ɗari ne kawai, shi ya sa kowa ke ƙarewa a maharbi mai sanɗa. Ordinator - Perks of Skyrim ya sake su gaba ɗaya, da sababbin baiwowi sama da 400. A fannin buɗe makulli za ka iya ɗana tarkon ƙarfe a hanyar abokin gaba. A fannin iya magana za ka iya yin kiɗa a gari a ba ka kuɗi. Wanda ya ƙirƙire shi, EnaiSiaion, shi ne ya yi Apocalypse - Magic of Skyrim mai sababbin sihirce-sihirce 155, kuma su biyun suna tafiya tare. In ka ga Ordinator ya yi maka yawa, akwai Adamant mai sauƙi. Ɗaya za ka zaɓa, ba a haɗa su. Abin daɗin shi ne duk waɗannan ba su da nauyin saukewa, ba sa kuma wahalar da katin hoto.

Inda nake so ka kashe datarka shi ne labari.

Sa mod ɗin Inigo ka je kurkukun Riften, za ka sami wani Khajiit (mutum mai siffar kyanwa) mai shuɗin gashi zaune a ɗaki, sunansa Inigo. Ya yi imani ya taɓa harbinka da kibiya saboda kwaɗayi, nadama ta sa ya kai kansa kurkuku yana jiran ka zo ka ɗauki fansa. In ka yafe masa ya bi ka. Yana da magana sama da layi 7,000 da aka naɗa da murya, yana tsokaci kan wurin da kuka shiga da aikin da kuke yi, yana hira da Lydia, mai tsaronka ta Whiterun, yana yawo da wani ƙwaro a kwalba da yake ji da shi ƙwarai. Ban san wani abokin tafiya a wasan asali da ya kama ƙafarsa ba.

Sai The Forgotten City, na wani lauya ɗan Ostireliya mai suna Nick Pearce, wanda ya fito a 2015. Birni ne a ƙarƙashin ƙasa mai doka guda: mutum ɗaya ya yi laifi, kowa ya halaka. Kai kuma an mayar da kai baya cikin lokaci ka gano wanda zai karya dokar. Takobi ba ya yi maka amfani sosai a nan, sai tambaya da saurare da lura da wanda maganarsa ba ta haɗu ba. Rubutunsa ya ci kyautar ƙungiyar marubuta ta Ostireliya a 2016, daga baya a 2021 aka mayar da shi wasa mai zaman kansa a zamanin Rumawa. Idan ka samu data mai yawa, Beyond Skyrim: Bruma na 2017 zai tsallaka da kai iyaka zuwa Cyrodiil, lardin da ke maƙwabtaka da Skyrim. Enderal kuwa, aikin ƙungiyar SureAI ta Jamus, wasa ne sukutum da duniyarsa da labarinsa, kyauta a Steam ga wanda ya mallaki Skyrim.

Maganar ƙawata hoto gajeriya ce a wurinka. Hotunan da kake gani a YouTube masu ɗaukar ido yawanci ENB ne (manhajar ƙawata haske da inuwa) da zanen 4K, kuma laftof ɗinka ba za ta ɗauka ba. Zafi za ta yi, wasan ya riƙa tsinkewa. Static Mesh Improvement Mod ya ishe ka, shi ke gyara siffar igiya da sarƙa da ganga da kujera. Ƙara mod ɗin yanayi guda ɗaya, Obsidian Weathers ko Cathedral Weathers. Duk inda aka ba ka zaɓin girman zane, ɗauki 1K. Kuma ka riƙa sawa biyu ko uku kana gwadawa, kana karanta sashen Requirements na kowane shafi, don in abu ya lalace ka san mai laifin.

TAMBAYA: Malam, na cire wani mod na sanyi da yunwa a tsakiyar wasa, tun daga nan ajiyata take rufe kanta. Akwai dabara? Daga wani makaranci a Jos.

AMSA: Sannu ɗan'uwa, abin da ciwo. Irin waɗannan mod suna rubuta umarninsu a cikin ajiyar kanta, ko ka cire su umarnin na nan yana neman abin da babu. Mafi tabbas shi ne ka koma ajiyar da ka yi kafin ka sa shi. In babu, mayar da shi, ka duba shafinsa ko akwai hanyar kashe shi daga saiti kafin cirewa. Akwai manhajar ReSaver da ke share ragowar, tana taimakawa wani lokaci, amma kwafi ajiyar ka adana kafin ka taɓa ta. In sanyi da yunwa kake so, Survival Mode na cikin abubuwa huɗu da aka ba masu Special Edition kyauta a 2021, kuma shi daga saitin wasan ake kunna shi a kashe shi.

TAMBAYA: A PlayStation 4 nake bugawa, na nemi Inigo da SkyUI ban gan su ba. Daga Katsina.

AMSA: Ba za ka gan su ba, malam. Sony ba ta yarda mod na kyauta ya shigo da sabuwar murya ko sabon zane daga waje ba, sai dai a juya abin da ke cikin wasan, kuma gurbin da aka ware 1GB ne, alhali na Xbox One 5GB ne. Inigo duk murya ne. SkyUI kuma SKSE yake bukata, wanda sai a kwamfuta. Nemi Unofficial Patch, akwai na PS4, sannan ka sani kofunan yabo suna rufewa muddin mod na kunne.

TAMBAYA: Ɗana ɗan shekara 14 ya dame ni in bar shi ya yi rajista a Nexus Mods. Wuri ne mai tsabta? Wata uwa daga Kaduna.

AMSA: Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika tambaya kafin ki amince. Gaskiya ita ce akwai mod na tsiraici da na batsa a shafin. A ɓoye suke ga sabon mai rajista, sai mutum ya shiga saitin asusunsa ya buɗe da kansa, amma yaro mai wayo zai iya gano wurin. Shi kansa Skyrim hukumar tantance wasanni ta Amurka ta sa shi a rukunin 'yan shekara 17 zuwa sama, ta Turai kuma 18, saboda zubar da jini da sare kai da shan giya, ga kuma sihiri da allolin ƙage da labarin ya ginu a kansu. Wannan hukunci naki ne da mahaifinsa. Idan kun yarda ya buga, ki buɗe asusun da imel ɗinki, kalmar sirri ta zauna a hannunki, ya rubuto miki sunayen abin da yake so ku sauke tare, kwamfutar kuma ta kasance a falo. Waɗanda na ambata a amsar farko babu na batsa a cikinsu, kina iya farawa da su.