Abin da Ya Rage a Tsohon Ramin Zinariya

Ɗana, ka tambaye ni ko wurin haƙar zinariya da masu shi suka bari shekaru da dama yana da sauran amfani, ko kuwa tafiyarsu shaida ce cewa zinariyar ta ƙare. Kada ka yanke wa wurin hukunci sai ka gano abin da ya kore su, domin ƙarewar zinariya dalili ɗaya ne kawai cikin dalilan da ke raba mahaƙi da raminsa.

Fara da auna zurfin ramukan. Idan ka tarar duk sun tsaya a kusan zurfi ɗaya, ko da suna nesa da juna a kan jijiyar dutsen da ke ɗauke da zinariyar, to galibi ruwan ƙasa ne ya tsayar da su. A irin wannan wuri zinariya takan zauna a jijiyar farin dutsen ƙanƙara, wadda ta samu asali tun lokacin da ruwa mai tsananin zafi ya bi tsagar duwatsu ya ajiye abin da ya ɗauko. Tare da ita akwai fairait, wato ma'adinin ƙarfe da farar wuta. Daga saman ƙasa zuwa inda ruwa ya kwanta, iska da ruwan sama sun riga sun cinye fairait ɗin, shi ya sa za ka ga dutsen ya yi ja kamar tsatsa, ya yi 'yan ramuka masu kusurwa huɗu inda ƙwayoyinsa suka zauna a da. Wannan dutse yana da sauƙin dakawa, kuma zinariyarsa a sake take, wanki kaɗai yana fito da ita, tun da nauyinta ya ninka na ruwa sau 19, na dutsen ƙanƙara kuwa bai kai sau 3 ba. A ƙarƙashin ruwan kuwa dutsen yana nan da taurinsa, zinariyar kuma sau da yawa tana kulle cikin fairait, ba ta fitowa a wanki, zaibar da ake kama zinariya da ita ma ba ta kama ta sosai. Mai haƙa ya ga kasko ya daina nuna launi, sai ya ɗauka jijiyar ta mutu.

Haka ya faru a Witwatersrand ta Afirka ta Kudu. An gano zinariya a can a 1886, amma cikin 'yan shekaru haƙa ta kai ga dutse mai fairait, abin da zaiba ke kamawa ya ragu ƙwarai, har jama'a suka fara fid da rai. Hanyar narkar da zinariya da sinadarin sayanaid, wadda MacArthur da 'yan'uwan nan biyu Forrest suka ƙirƙiro a Glasgow a 1887, ita ce ta ceci wurin. Ka kuma bincika shekarar da aka rufe ramin, domin daga 1934 zuwa 1971 farashin zinariya na hukuma dala 35 ne a kan oza, kuma dutsen da bai biya wahalarsa a lokacin ba yana iya biya yanzu.

Duk wannan bai sa wurin ya zama mai albarka ba tukuna, sai gwaji ya tabbatar. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne ɗaukar samfuri. Kada ka tsinci dutse mafi kyau a tarin da suka zubar ka kai ɗakin gwaji, domin ƙwayar zinariya ɗaya tana iya ɗaga sakamakon ya ruɗe ka. Ka sassaƙo dutsen da guduma a layi ɗaya, daga wannan gefen jijiyar zuwa wancan, ka haɗa da dutsen da ke jikinta, wanda shi ma yakan ɗauki zinariya, sannan ka maimaita a tazara daidai. Ka rubuta faɗin kowane wuri tare da giram nawa ya bayar a tan. Jijiya mai faɗin santimita 20 da ta ba da giram 10, idan dole sai an buɗe hanya mai faɗin mita ɗaya kafin a cire ta, abin da zai isa injin niƙa bai wuce kimanin giram 2 ba.

Tsohon ramin kansa kuwa, ban yarda ka shiga ba, saboda itatuwan tokara sun ruɓe, iskar ƙasan ramin kuma tana iya kashe mutum kafin ya ankara. Idan ka ga ma'adini mai nauyi, mai ƙyalli da launin toka, mai yiwuwa na dalma ne, ƙurarsa guba ce, musamman ga yara, don haka ba a daka shi inda mutane ke zaune.

Idan samfuran sama sun nuna zinariya a tsawon jijiyar, ka auna inda ta nufa da yadda ta kwanta, sannan a kafa injin huda dutse a ɓangaren da ta karkata, a huda a karkace yadda za a ratsa ta a ƙarƙashin tsofaffin ramukan. Sandar dutsen da injin zai fito da ita ce za ta nuna ko jijiyar ta ci gaba da faɗinta da zinariyarta, ko kuwa ta tsuke ta ɓace.