Kafin ka zaro kuɗi a kemis: tambayoyinku kan maganin hanta da kitsen jini

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya ce kitse ya yi wa mahaifina yawa a jini, ya rubuta masa atorvastatin. Da na je kemis aka fito mini da kwali biyu, Lipitor da wani na Indiya wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na farkon ba. Mai shagon ya ce Lipitor ne orijinal. Ba na son in yi wa Baba rowa, amma halin albashi kun san shi. Wanne zan ɗauka? Daga wani ma'aikaci a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri. Ɗauki na Indiyan, matuƙar yana da lambar NAFDAC kuma shagon na mai rajista ne. Ba rowa ka yi ba.

Ga inda bambancin kuɗin ya samo asali. Kamfanin da ya gano sabon magani yakan sami takardar mallakar ƙirƙira, wadda ke hana kowa haɗa irinsa har shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙatar. A tsawon wannan wa'adi shi kaɗai ke yanka farashi, babu mai taya shi. Atorvastatin wani masanin haɗa sinadarai mai suna Bruce Roth ne ya fara haɗa shi a 1985 a kamfanin Warner-Lambert na Amurka. Ya shiga kasuwa a 1997 da sunan Lipitor, Pfizer ta saye kamfanin a 2000, maganin kuma ya kawo kuɗin da ya haura dala biliyan 125. A watan Nuwamban 2011 wa'adin takardar ya ƙare a Amurka, kamfanoni da dama suka shigo suna haɗa shi, farashi ya faɗo. Sinadarin da ke cikin ƙwayar guda ne. Abin da za ka biya a kan na farkon kuɗin suna ne.

Wanda ya buɗe wannan ƙofa tun farko ma ba Ba'amurke ba ne. Akira Endo ne, ɗan Japan, wanda ya yi ta gwada dubban nau'o'in funfuna har a 1973 ya samo sinadarin da ke hana hanta haɗa kolestarol, wato kitsen nan na jini. Nasa bai taɓa shiga kasuwa ba, kamfanin Merck ne ya fara fitar da irinsa a 1987. Endo ya rasu a 2024. Na kawo shi ne don ka gane inda maganin ke aiki: mafi yawan kitsen nan ba daga kwano yake zuwa kai tsaye ba, hanta ce ke haɗa shi. Idan maganin ya rage mata aikin, sai ta koma tana janye wanda ke yawo a jini. Ranar da aka daina sha kuwa sai ta koma aikinta. Shi ya sa mai arahar da Baba zai sha kullum ya fi mai tsadar da za a saya wannan wata, wata mai zuwa a ce sai an yi albashi.

Abin tsoro a kasuwarmu jabu ne, kuma jabu ya fi son kwalin da ya yi suna. Duba ranar ƙarewar aiki, ka kankare lambar da ke jikin kwalin ka aika ta saƙo idan akwai. Bayan wata biyu zuwa uku a maimaita gwajin jini. Idan Baba ya fara kukan ciwon tsoka mai tsanani, ko fitsarinsa ya yi duhu, a koma wurin likita ba tare da jinkiri ba.

Tambaya: Na je ba da jini ga ɗan'uwana sai aka ce ina da ciwon hanta nau'in B. Akwai wani mai magani da ke talla a Facebook, yana nuna takardar mallaka daga gwamnati da lambar NAFDAC, ya ce wata uku ƙwayar cutar za ta fita tas. Kuɗin na da yawa, amma ina shirin sayar da babur ɗina. Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: Ɗan'uwa, ka bar babur ɗinka. A yau babu maganin da aka tabbatar yana fitar da nau'in B daga jiki idan ya zauna, na Bature ko na gargajiya. Manyan kamfanonin duniya na ta zuba kuɗi a neman sa. Da ya samu a kwalba, ba a Facebook za ka fara jin labarinsa ba.

Takardar da ya nuna maka tana iya zama ta gaskiya, amma ba abin da kake zato take faɗa ba. Kamar takardar gona ce: tana nuna mai ita, ba ta yi maka alkawarin albarka ba. Ofishin da ke bayar da ita a Najeriya yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ne, ba ta lafiya ba. Dokar 1970 da yake aiki da ita ta ce ƙarara ana ba da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba, cikar takardu kawai ake dubawa. Babu wanda ya gwada ruwan nan a kan marasa lafiya kafin a buga hatimi. Ita kuma lambar NAFDAC ta magungunan gargajiya, wadda ke ƙarewa da harafin L, gwajin rashin illa na ɗan lokaci take nufi. Juya kwalbar, sau da yawa za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Za ka ce ai akwai waɗanda suka ba da shaida sun warke. Akwai. Babban mutum da ya kamu da nau'in B sabon kamu, fiye da tara cikin goma jikinsu ne ke kawar da ita da kansa cikin wata shida. Duk wanda ya sha wani abu a wannan tsakani zai rantse shi ne ya warkar da shi, mai maganin kuma ya ɗauki bidiyo. Kai ma ka sake gwaji bayan wata shida, sannan ne za a san ko ta zauna.

Idan ta zauna, kuɗinka ya tafi ga gwaje-gwaje: na yawan ƙwayar cutar a jini, na aikin hanta, da hoton ciki. Da su likita zai yanke ko kana buƙatar magani yanzu ko bibiya kawai, domin ba kowa ake ɗorawa ba. Maganin da ake bayarwa tenofovir ne ko entecavir, ƙwaya ɗaya a rana. Wa'adin mallakarsu ya ƙare, kamfanoni da yawa na haɗa su. Ba sa fitar da cutar, amma suna danne ta, su rage haɗarin taurin hanta da kansa. A yi maka gwajin HIV kafin farawa, kuma idan ka fara kada ka yanke da kanka, yankewa na iya tayar da ciwon fiye da da.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da ita. Kai iyali a gwada su, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, jariri kuma a yi masa cikin awa 24 da haihuwa. Ka guji giya, ka guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, don gubarsu idan ta haɗu da wannan cuta tana ninka haɗarin kansar hanta.

Tambaya: Yayana yana da ciwon hanta nau'in C. Na ji a Masar maganin na da araha, ni kuma ina zuwa Alƙahira saro kaya. In sayo masa? Daga wani ɗan kasuwa a Kwari.

Amsa: Alhaji, labarin da ka ji gaskiya ne, kuma wannan nau'in ana warkewa. Da kamfanin Gilead ya fitar da sofosbuvir a ƙarshen 2013, dala 1,000 ya sa wa ƙwaya ɗaya a Amurka, wato dala 84,000 na mako 12. Masar, wadda cutar ta yi wa katutu, ta ƙi ba shi takardar mallaka a 2014, kamfanoninta suka shiga haɗa shi. Daga 2018 ta gwada miliyoyin mutane kyauta, a 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da cutar. A 2014 ɗin nan dai Gilead ta ba wasu kamfanonin Indiya izinin haɗa shi don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, shi ya sa ake samun sa a nan gida. Fara tambayar farashi a asibitin koyarwa kafin ka ɗauko nauyin da ba dole.

Sayen ma ba shi ne farko ba. Gwajin gaggawa da aka saba yi yana nuna cutar ta taɓa shiga jiki ne kawai, kuma kusan uku cikin goma suna kawar da ita da kansu. Sai an yi gwajin da ke gano ƙwayar kanta. A kuma duba nau'in B, domin maganin C na iya tayar da shi. Sofosbuvir ba a shan sa shi kaɗai, ana haɗa shi da daclatasvir ko velpatasvir, kuma ba ya jituwa da wasu magungunan tarin fuka, farfaɗiya da zuciya, don haka Yaya ya kai wa likita duk abin da yake sha. Ko a ina za ka saya, sayi na mako 12 gaba ɗaya. Fiye da kashi 95 cikin 100 na warkewa, amma ba a tabbatarwa sai an sake gwaji mako 12 bayan ƙwaya ta ƙarshe.

Tambaya: Hoto ya nuna kitse a hantata, ina kuma da ciwon suga. 'Yata da ke Amurka ta ce an fito da sabon magani, Rezdiffra. In sa ta aiko? Daga wata uwa a Jos.

Amsa: Hajiya, a dakata tukuna. An amince da shi a Amurka a watan Maris na 2024, a lokacin kuɗinsa na shekara ya kai dala 47,000 da ɗoriya, kuma an yi shi ne don waɗanda kitsen ya riga ya jawo musu kumburi da tabo a hanta. Hoton da aka yi miki bai isa ya nuna hakan ba, sai likitan hanta ya auna taurinta. Ga yawancin masu irin naki, rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki ne ke sauke kitsen. A yanke lemon kwalba da shayi mai suga, a riƙa tattaki, a riƙe maganin suga da kyau. Idan kina shan maganin kitsen jini kada ki ajiye shi don tsoron hanta, likitoci na ba masu irin wannan matsala shi. 'Yar taki, Allah ya yi mata albarka, ta biya miki kuɗin ganin likitan da na gwajin.