Na dawo daga gudun fanfalaki, in na yi sujada ba na iya tashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a gefen Haɗeja. Na je Marrakesh ta ƙasar Maroko na yi gudun fanfalaki, kilomita 42 da ɗoriya. Yau kwana huɗu, na dawo gida, cinyoyina duk sun ƙage. Ina iya tsayuwa, amma in na kai ƙasa sai an kama ni nake tashi. Tafin ƙafata ya yi bororo, farcen babban yatsa ya yi baƙi, an naɗe da bandeji. Tun a can a kan kujera nake sallah daga kabbara har sallama, ina shafa a kan bandejin. Wani dattijo a masallacinmu ya ce ba ni da rangwame tunda ni na jawo wa kaina. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da hanya ɗana, Allah ya ba ka lafiya.

Shafar bandeji daidai ce. Wanke inda ruwa ba zai cutar ba, ka shafi naɗin sau ɗaya da jiƙaƙƙen hannu, ko da ba ka da alwala lokacin da aka naɗa. In ya faɗi kana cikin sallah, ka yanke, ka mayar, ka shafa, ka sake sallar.

Gyaran yana cikin maganarka da ka ce kana iya tsayuwa. Rangwame gwargwadon gazawa yake zuwa. Abin da ya gagare ka shi ne tashi daga ƙasa, saboda haka tsayuwar kabbarar harama da Fatiha a farilla tana nan a wuyanka. Malamanmu na Malikiyya sun ambaci wannan mas'ala da kanta, tana cikin Mukhtasar na Shehu Khalil: wanda yake iya komai amma in ya yi sujada ba ya iya miƙewa, ya cika raka'ar farko a tsaye da ruku'unta, ya sauka ya yi sujada, sannan ya ƙarasa sauran a zaune. In dafa bango ko sanda zai tashe ka ba tare da azaba mai tsanani ba, to ka dafa ka tashi. In saukar ma ta gagara, ka tsaya, ka yi ruku'u, sannan ka zauna a kujerar ka yi nuni da kai, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Farillan da ka fara a zaune alhali kana iya tsayuwa, ƙirga su ka rama. Masu raka'a huɗu da suka same ka kana matafiyi mai ƙasaru, biyu-biyu za ka rama su ko a gida. Nafila kuwa babu laifi a zaune.

Maganar dattijon nan, Allah ya saka masa da kishinsa, ba ta tsaya ba. Ya ɗauko hukunci daga wani babi ya kai wani. Gaskiya ne Malikiyya sun hana ƙasaru ga wanda tafiyarsa ta saɓo ce, sun kuma karhanta ta ga mai tafiyar shagala zalla. Amma wannan rangwame ne da aka rataya a kan tafiya. Sallah a zaune da shafar rauni an rataya su ne a kan gazawar jiki, ba a tambayar ta inda gazawar ta zo. Annabi (SAW) ya faɗo daga kan doki, ɓarinsa na dama ya kuje, ya yi sallah a zaune, kamar yadda Anas ya ruwaito a Bukhari da Muslim. Sannan gudun ba saɓo ba ne: Annabi ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma bar Salamatu ɗan Akwa'u ya yi tsere da wani Ba'ansare a hanyar komawa Madina. A ƙaddara ma ka yi ganganci, me ake so ka yi yanzu? Ka tilasta wa gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, ko ka bar sallah? Manomin da ya sare ƙafarsa da fartanya saboda sakaci, ba wanda ke ce masa ya kwance rauni ya zuba ruwa. Ka gaya wa dattijon wannan cikin ladabi, kai da shi, ba a gaban jama'a ba.

Sai abin da ba ka tambaya ba. Ciwon tsoka irin wannan yakan kai ƙololuwa a kwana na biyu zuwa na uku, sannan ya riƙa sauka cikin mako guda. Shi ya sa tsugunno a masai da saukowa daga tudu suka fi hawa wuya, don tsokar gaban cinya ce ta sha birki tsawon gudun. Ke nan hukuncinka na yau ba lallai ya zama na jibi ba. Kowace sallah ka gwada jikinka, ranar da tashi ya yiwu rangwamen ya ƙare.

Ka riƙa tattaki kaɗan safe da yamma, ka sha ruwa, ka ci wake, ƙwai, fura da nono, ka yi barci. Kada ka koma gudu ko ɗaukar buhu sai bayan mako ɗaya zuwa biyu, kada kuma ka shiga ruwan fadama da buɗaɗɗen rauni. Kada ka fasa bororon da ƙaya ko reza, kada ka cisge farcen, in zai fita da kansa zai fita. Ka yi hattara da ibuprofen da diclofenac na kemis, suna wahalar da ƙoda in jiki ya bushe. Abu biyu kuma ba a kwana da su a gida: fitsari ya koma launin baƙin shayi ko ya ragu sosai, da kumburin sha-raɓa ɗaya mai zafi bayan doguwar zama a jirgi, balle in numfashi ya fara sarƙewa. Waɗannan asibiti za ka nufa nan take, ba wurin mai tsaga ko mai tausa ba.

In za ka sake fita, ka nemi wandon da ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa, ka kiyaye idonka a wurin cakuɗuwa, ka kuma san inda za ka yi Asuba kafin a tara ku a wurin fara gudun.

Wallahu a'alam.