Na ci 190 a JAMB ban samu jami'a ba, shin shiga kwalejin kimiyya da fasaha ɓata lokaci ne?

Ɗan'uwa, ba ɓata lokaci ba ne, kuma raina yana ɓaci in na ga yaro ya yi shekara uku a gida yana maimaita JAMB saboda wannan tunanin.

Karatun gaba da sakandare a Najeriya gida uku ne. Jami'o'i suna ƙarƙashin hukumar NUC, kwalejojin kimiyya da fasaha na NBTE ne, kwalejojin horar da malamai kuma na NCCE. JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce ƙofar shiga dukkansu.

Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne akwai hanya tsakanin gidajen nan. Idan ka yi difloma ta shekara biyu, ko NCE, wato shaidar kammala kwalejin horar da malamai, ka fito da sakamako mai kyau, za ka iya neman shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. Haka ma IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke gudanarwa.

Maki 190 cikin 400 ba zai kai ka likitanci ko lauya ba, gaskiya ke nan. Amma jami'o'in tarayya ba maki kaɗai suke dubawa ba: kashi 45 cikin ɗari na guraben karatu na cancanta ne, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. Don haka jami'ar da ka zaɓa tana da tasiri sosai.

Kafin komai, duba kiredit ɗinka biyar na jarrabawar kammala sakandare, har da Turanci da Lissafi. In babu su, wannan za ka fara gyarawa.